Desibel 100 a kan tebur, gurnani a jikin mutum

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayar da ka aiko daga Aboabo, kuma ga yadda na fahimce ta. Ka haɗa amfilifaya ta ɗaukar siginar zuciya da aisi (ƙaramar haɗaɗɗiyar da'ira, IC) mai lamba AD620 domin aikinka na shekarar ƙarshe, ninkinta gaba ɗaya 1000 ne, ka haɗe mashigai biyun wuri guda ka ba su sigina, lissafi ya ba ka CMRR, wato ma'aunin yadda amfilifaya ke watsi da siginar da mashigai biyu ke gani tare, na kusan desibel 100. Amma da ka liƙa ilaktirod a jikin abokinka sai layin ya yi kauri kamar an ja shi da gawayi, da ƙyar ake gane tsinin bugun zuciya. Kana so ka san ko awon ne ba daidai ba, ko ka sayi aisi mai tsada, ko kuwa ka ƙara matatar 50 Hz ka huta.

Awonka daidai ne, sai dai aisin kaɗai ka auna, alhali mafi yawan gurnanin da kake gani ya riga ya rikiɗa ya zama siginar bambanci tun kafin ya iso ƙafafun aisin, a fata da wayoyi da 'yan rezistocin da ke bakin mashiga. Abin da ya shigo a matsayin bambanci tsakanin mashigai biyu, amfilifaya ba ta da hanyar raba shi da bugun zuciya, za ta ninka su tare ko da kuɗinta ya kai na babur. Mu masu gyaran kayan asibiti a ƙasar nan mukan yi raha cewa ECG ta shiga ECG, tunda sunan kamfanin rarraba wutarmu da sunan awon zuciya haruffansu ɗaya ne, amma a gaskiya ba ruwan kamfanin a wannan magana.

Wutar gidajenmu a Gana bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz. Mutumin da ke zaune a ɗaki, ko bai taɓa komai ba, akwai 'yar kafasita ta iska tsakanin jikinsa da wayoyin da ke cikin bango da silin, wadda ba ta wuce fikofarad kaɗan ba, da kuma wata mafi girma, ta ɗaruruwan fikofarad, tsakaninsa da ƙasa. Idan muka ɗauki fikofarad 3, wutar da ke tsiyaya ta jikinsa ta kai wajen maikro-amfiya 0.2. Ba zai ji ta ba, amma idan ta bi ta ilaktirod na uku, na ƙafar dama, wanda turjiyarsa da fata ta kai kilo-om 50, jikin gaba ɗaya zai riƙa hawa da sauka da milibolt 10 a kan sifilin da'irarka. Wannan ita ce siginar tarayya, domin mashigai biyun duk suna ganinta daidai wa daida. Bugun zuciyar da kake nema kuwa tsininsa wajen milibolt 1 ne, siginar ƙwaƙwalwa ma ta fi haka ƙanƙanta, tsakanin maikrobolt 10 zuwa 100. CMRR ba wani abu ba ne illa ninkin bambanci a raba shi da ninkin tarayya, inda desibel 60 ke nufin 1000, desibel 80 ke nufin 10,000, desibel 100 kuma 100,000.

Awo na farko da ya kamata ka sake shi ne na ninkin bambanci, kuma kada ka dogara da lissafin rezista. Ɗauki bolt 1 daga injin sigina, ka rage shi da rezista mai kilo-om 100 da mai om 100 har ya koma kusan milibolt 1, ka sa shi tsakanin mashigai biyun, ka karanta mafita. Sa'an nan ka haɗe mashigan ka ba su bolt 2 a kan sifilin da'ira kamar yadda ka yi a baya, kana kiyaye kada siginar ta wuce iyakar da aisin ke iya ɗauka a wutar da ka ba shi. Idan mafita ta nuna milibolt 20, ninkin tarayya 0.01 ke nan, ka raba 1000 da shi ka sami desibel 100 ɗinka. Abu biyu nake so ka canza a nan. Kada ka yi awon a 50 Hz cif, domin ba za ka iya bambance siginar da ka saka da gurnanin ɗakin da ya shigo da kansa ba, kuma za ka ga mafita tana kumbura tana sacewa saboda su biyun suna karo. Sa injin a 45 Hz ko 55 Hz, ka ɗauki bayanan daƙiƙa 10 a kwamfuta, ka yi musu FFT, lissafin da ke rarrabe sigina bisa yawan zagayenta, sai kowanne ya fito a layinsa. Kuma kafin ka rubuta kowane adadi, kashe injin ka ga abin da ya rage a mafita, domin idan hayaniyar da'irar kanta milibolt 15 ce, milibolt 20 ɗin da ka karanta ba shi da wata ma'ana. Ka maimaita a 10 Hz, 100 Hz da 150 Hz, za ka ga adadin yana sauka yayin da zagayen ke ƙaruwa.

Yanzu ga inda maganar take. Duba takardar bayanin AD620, za ka ga kamfanin Analog Devices ya ba da adadinsa ne da sharaɗin cewa bambancin turjiya tsakanin mashigai biyu kilo-om 1 ne kacal. Fatar mutum ba ta san wannan sharaɗi ba. Ilaktirod ɗaya yana iya zama kilo-om 10, ɗayan kilo-om 60, musamman da hunturu, lokacin da fata ke bushewa ta yi furu-furu, ko idan mutum ya shafa man kaɗe da safe, ko akwai gashi a wurin. Kowane ilaktirod tare da turjiyar mashigarsa zuwa sifili suna raba siginar tarayya a tsakaninsu, kuma idan rabon gefe ɗaya ya bambanta da na ɗaya gefen, ragowar ta zama siginar bambanci. Lissafin gajere ne: siginar tarayya sau bambancin turjiyar ilaktirod, a raba da turjiyar mashiga.

Za ka ce ai turjiyar mashigar AD620 giga-om 10 ce. Haka ne a takarda, amma me ka jingina a ƙafafun? Waya mai sulke takan kai wajen fikofarad 100 a kowace mita, kuma fikofarad 100 a 50 Hz turjiyarsa mega-om 32 ce kawai. Da bambancin kilo-om 41 a ilaktirod, adadin da zan faɗi inda na samo shi nan gaba, rabon ya zama kusan 1 cikin 780, wato desibel 58, daga mita ɗaya ta waya. Idan ka sa matatar kariya a mashiga, rezista mai kilo-om 10 da kafasita mai nanofarad 1 zuwa sifili a kowane gefe, kuma kafasitocin biyu sun saɓa da kashi 10 cikin 100, wannan kaɗai ya tsayar da kai a desibel 70 ko da ilaktirod ɗin tagwaye ne. Abin da na fi zargi a allonka kuwa, ko da yake ban gan shi ba, shi ne rezistoci biyun da ɗalibai kan sa daga kowace mashiga zuwa sifili domin wutar da ƙafafun aisi ke buƙata ta sami hanyar komawa. Idan mega-om 1 ka sa, kilo-om 41 a kan mega-om 1 kusan 1 cikin 24 ne, desibel 28. Mayar da wannan kan milibolt 10 ɗin nan na jiki, za ka sami milibolt 0.4 a ma'aunin rms, wato matsakaicin ƙarfin sigina mai juyawa, fiye da milibolt 1 daga tsinin sama zuwa na ƙasa, daidai tsawon bugun zuciyar kansa. Wannan shi ne layin gawayin da ka kwatanta. A awon da ka yi da mashigai a haɗe babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai nuna kansa, tunda babu bambancin turjiya da zai tona su. Idan akwai ilaktirod na uku, shi ne hanyar komawar wutar, kana iya cire rezistocin ko ka ɗaga su zuwa mega-om 10 ko sama da haka, sai dai ka sani mega-om 10 ma desibel 48 yake bayarwa.

Saboda haka awo na gaba, wanda a ganina shi ne ya cancanci shiga rahotonka, sai ka yi shi da ainihin wayoyin da za ka sa wa mutum, ka saka fatar ƙarya a gefe ɗaya. Ƙa'idojin duniya na na'urorin awon zuciya, IEC 60601-2-25 na na'urar gano cuta da IEC 60601-2-27 na na'urar sa ido a gefen gado, sun tsayar da wannan fata a rezista mai kilo-om 51 da kafasita mai nanofarad 47 a haɗe gefe da gefe, kuma daga nan na ɗauko kilo-om 41 ɗin da nake ta ambata, domin ita ce turjiyar haɗin a 50 Hz. Sa ta a mashiga ɗaya ka auna, ka mayar da ita ɗaya mashigar ka sake aunawa, ka riƙe adadin da ya fi muni.

Gwajin ƙa'idar kansa ya wuce nan, kuma yana da kyau ka fahimci hikimarsa. Ana ɗaukar bolt 20 na rms a zagayen wutar gari, a bi da shi ta kafasita mai fikofarad 100, a sa wata irinta zuwa ƙasa, sai mahaɗarsu ta zama kamar tushe mai bolt 10 a bayan fikofarad 200. Wannan mahaɗa ita ce majiyyacin ƙarya. Duk ilaktirod, har da na ƙafar dama, a nan suke haɗuwa, ana saka fatar ƙarya a mashiga ɗaya bayan ɗaya, ana ƙara milibolt 300 na tsayayyar wuta, sau ɗaya ta nan sau ɗaya ta can, domin kwaikwayon ɗan batirin da ke samuwa tsakanin ƙarfe da fata, matatar 50 Hz kuma a kashe. Abin da ya fito kada ya wuce milimita 10 a takarda idan ninkin milimita 10 ne a kowane milibolt, wato milibolt 1. Bolt 10 na rms bolt 28 ne da ɗoriya daga tsini zuwa tsini, ka raba da milibolt 1 ka sami desibel 89. Mai lura zai tambaya yadda na'urar da wayarta ta tsayar da ita a desibel 58 za ta tsallake desibel 89. Amsar tana cikin fikofarad 200 ɗin nan, wanda a 50 Hz mega-om 16 ne. Tushen ba zai iya tura fiye da maikro-amfiya 0.6 ba, idan kuma wannan ta bi ta ilaktirod ɗin ƙafa mai kilo-om 41, siginar tarayyar da ta rage milibolt 26 ce kawai. Ashe gwajin yana auna abubuwa biyu a tare, yadda na'ura ke danne siginar tarayya a jiki da yadda take watsi da abin da ya saura. Shi ya sa ba a kwatanta adadin takardar aisi da adadin ƙa'ida, abubuwa daban-daban suke faɗa.

Kana iya kwaikwayon wannan a ɗakin gwaji ba tare da kayan miliyoyi ba. Idan injin siginarku bai kai bolt 20 na rms ba, kuma yawancinsu ba sa kaiwa, yi amfani da abin da yake bayarwa ka daidaita lissafin. Kada ka kuskura ka ɗauko wutar daga soket kai tsaye. Tunda fikofarad 100 ƙaramin abu ne, hannunka kaɗai idan ya matso zai canza sakamako, don haka ni nakan harhaɗa kafasitocin da fatar ƙarya a cikin babban gwangwanin Milo, in huda murfin in fito da wayoyi, in haɗa jikin gwangwanin da ƙasar injin sigina, allon da batirinsa kuma in ɗora su a kan busasshen katako nesa da ƙarfen tebur. Kafasitoci da rezistocin duk ana samunsu a shagunan kayan lantarki na Adum a nan Kumasi, sai dai ka auna kowacce da mita kafin ka yarda da abin da aka rubuta a jikinta.

A wannan gwaji ne za ka ga amfanin da'irar ƙafar dama, wadda masu bincike Winter da Webster suka yi cikakken bayanin tsarinta a 1983. Maimakon ka haɗa ilaktirod na uku da sifili kai tsaye, sai ka ɗauki matsakaicin mashigai biyun, ka juya shi, ka ninka, ka mayar wa jiki. A AD620 ana samun wannan matsakaici ta raba rezistar ninki gida biyu a ɗauka daga tsakiya. Turjiyar ilaktirod ɗin ƙafa takan ragu gwargwadon ninkin zagayen, idan ninkin 100 ne a 50 Hz ka sami kusan desibel 40 a kyauta, wanda babu aisin da zai ba ka shi. Auna da ita a kashe, ka auna da ita a kunne, ka rubuta duka biyun. Ka sa kafasita a zagayen domin kada ta fara kaɗawa da kanta, ka duba mafitarta da osiloskof, na'urar da ke nuna sigina a allo, ka tabbatar, sa'an nan ka sa rezista mai ɗaruruwan kilo-om tsakaninta da mutum, yadda ko aisin ya lalace ya tura duk wutar batir, abin da zai shiga jiki ba zai wuce maikro-amfiya 50 ba, iyakar da IEC 60601-1 ta sa wa na'urori masu darajar CF, waɗanda aka amince a haɗa su kai tsaye da zuciya, idan abu ɗaya ya lalace.

Duk da haka akwai gurnanin da CMRR ba ta taɓa shi ko kaɗan, kuma tun 1973 Huhta da Webster suka rarrabe hanyoyinsa. Wayoyin ilaktirod da jiki suna yin zobe, maganaɗisun taransifoma ko fanka ko na'urar daidaita wuta yana ratsa zoben ya haifar da sigina wadda tun asalinta ta bambanci ce. Gwajinta ba ya buƙatar komai: ware wayoyin ka ga ko gurnanin ya ƙaru, ka murɗe su tare kamar igiya har kusa da jiki ka ga ko ya ragu. Akwai kuma wutar da ke tsiyaya cikin wayoyin kansu idan ba su da sulke, nano-amfiya 5 a kan bambancin kilo-om 20 ya ba da maikrobolt 100. Maganin wannan sulke ne da gyaran fata, a goge wurin, a ɗan kankare busasshiyar fatar sama a hankali, a yi amfani da ilaktirod na azurfa wanda jel ɗinsa bai bushe ba.

An taɓa kirana wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Kumasi, wai na'urarsu ta lalace, har sun fara maganar sayen sabuwa. Takardar tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa, kowane ƙaramin gida daƙiƙa 0.04 ne, na sa gilashin ƙara girma na ƙirga haƙora biyu a kowane gida, na san 50 Hz ce ba rawar tsoka ba, domin ita rawar tsoka ba ta da tsari irin wannan. Da na zare filogi na'urar ta koma kan batirinta, rabin kaurin ya tafi. Na buɗe soket ɗin ƙari da suka jona ta, na tarar ƙafar ƙasa babu waya a jikinta sam. Ragowar kuma daga ilaktirod ne, an bar ledarsu a buɗe tun farkon hunturu, jel ɗin ya zama kamar busasshen ƙaro. Ban kwance ko ƙusa ɗaya a jikin na'urar ba.

FFT ɗin da na ambata zai gaya maka fiye da haka. Layi a 50 Hz kaɗai shigar wutar gari ce ta hanyoyin da muka bi. Layi mai ƙarfi a 100 Hz yakan nuna wutar da ke ciyar da da'irar ba ta tace sosai ba. Layuka a 150 Hz da 250 Hz sukan zo daga caja da inbata da fitilun zamani. Idan layin yana yawo, yau 49 gobe 52, duba ko ginin yana kan janareta ne, kuma wannan yana cikin dalilan da ba na son matatar 50 Hz ta zama matakin farko a garin da ya san dumso, wato yawan ɗauke wuta. Matata mai ƙunci takan kuskure gurnanin da zarar janareta ya kauce, mai faɗi kuma takan ci wani ɓangare na tsinin bugun ta bar 'yar rawa a bayansa, alhali awon gano cuta yana buƙatar komai daga 0.05 Hz zuwa 150 Hz. Idan ka gama sauran gyare-gyaren ka ga saura kaɗan, yi matatar a manhaja, ka ɗauki samfuri 500 a daƙiƙa, kuma ka duba lambar da ka kwafo, domin yawancin misalan intanet na Amurka ne, an saita su a 60 Hz.

Game da sayen wani aisi, ba na ganin buƙatarsa. AD620 ya fi allon AD8232 da ɗalibai ke so adadin CMRR, tunda shi wannan desibel 80 kamfanin ya rubuta masa. Abin da zan ce ka duba shi ne ninkin matakin farko. Idan 1000 ɗin duk a kan AD620 ka ɗora shi, milibolt 300 na ilaktirod zai kai mafita bango, kuma amfilifayar da ta kai bango ba ta watsi da komai. Bar matakin farko a wajen 10, da rezistar ninki mai kusan kilo-om 5.5 bisa lissafin kilo-om 49.4 na takardar, ka cire tsayayyar wuta da kafasita, sa'an nan ka ƙara ninki 100 a mataki na biyu.

Ban ji ka faɗi abin da ke jone da allon ba lokacin da abokinka yake ɗauke da ilaktirod, kuma wannan ya dame ni fiye da gurnanin. Maƙalin ƙasa na osiloskof a haɗe yake da wayar ƙasa ta soket, cajar laftof mai ƙafa biyu kuma takan ɗaga sifilin kwamfutar zuwa kusan rabin wutar gari ta cikin 'yar kafasitar da ke cikinta, wanda kaɗai ya isa ya cika maka layi da gurnani, ban da haɗarin da ke ciki idan cajar ta lalace. Duk awon da ke buƙatar injin sigina ko osiloskof, yi shi da majiyyacin ƙarya na cikin gwangwani. Idan mutum ne a jone, da'ira a kan batir, laftof a kan batirinta, caja a zare daga jikinta. Ka aiko mini da adadin da ka samu da mashigai a haɗe, da wanda ka samu da fatar ƙarya a kowane gefe, da darajar duk rezista ko kafasitar da ke tsakanin mashiga da sifili, da tsawon wayoyinka. Allah Ya ba da sa'a.